Hannun da Ya Rage wa Tsohuwa

Maman Biyu mataimakiyar nas ce a gidan kula da tsofaffi a ƙasar Turawa. Turancinta na aiki ne kawai: juya, buɗe baki, ina ke ciwo. Da shi ta ci jarrabawa da ƙyar, da shi take ciyar da tagwayenta. Amma da zarar hankalinta ya tashi, sai Turancin nan ya tattara nasa-ya-nasa ya bar ta tsaye.

Da hantsi ta tura ƙofar wata tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta hana magana, tana riƙe da kwanon ƙarfe cike da ruwan ɗumi. Ɗan tsohuwar ya zo ziyara, mutum mai kwat da ƙamshin turare, wanda nas-nas ke yabawa da ladabi. Ladabin ke nan ta tarar: ya toshe wa mahaifiyarsa hanci da yatsu, yana ɗura mata abinci da cokali. Abincin ya dawo ya ɓata masa hannun riga. Ya kwaɗa mata mari, haƙoran robarta suka faɗo kan bargo.

An koya wa Maman Biyu doka: kada ki taɓa baƙo, danna ƙararrawa, ki yi bayani. Ƙararrawar tana bayansa. Ta buɗe baki, Turanci ya ce bai san zance ba.

"Kai! Mahaifiyarka ce fa, la'ananne!" ta daka masa tsawa da harshenta.

Ko kallon kirki bai yi mata ba, ya sake ɗaga hannu. Ta watsa masa ruwan, ta bi shi da kwanon a kan hanci. Jini ya ɓalle. Ya shaƙo wuyan rigarta, ya buga fuskarta da ƙarfen gado, ya ƙara, har leɓenta ya tsage. Ta gantsara masa cizo a yatsa, ta ƙi saki sai da mai gadi ya ɓamɓare su.

Babbar nas ta shigo a guje. Nan bakin mutumin ya buɗe kamar famfo. Wai shi ya kama matar nan tana marin mahaifiyarsa, da ya yi magana ta far masa. Yau-yau zai ɗauke tsohuwarsa ya kai ta gidansa.

Gidansa. Maman Biyu ta ɗago kai. Ta tofar da jini, ta kakaro ɗan abin da ya rage mata na Turanci.

"Shi... Mama... duka. Shi."

"Yi a hankali, ban gane ba," in ji babbar nas. Sai ta durƙusa gaban gadon. "Mama, nuna mana wanda ya dake ki."

Hannu ɗaya ne ya rage wa tsohuwar. Ta daɗe tana kallon matar da ke wanke ta kullum, hawaye na bin shatin yatsun da ke kuncinta. Sannan ta ɗaga hannun, ta jawo gefen bargo, ta fara share wa ɗanta jinin hancinsa.

Aka karɓe katin aikin Maman Biyu. A bakin ƙofa maganar ta zo mata tiryan-tiryan da harshen uwarta, hancin, cokalin, marin, tana faɗa tana kuka, mai gadi yana tura ta gaba. Babu wanda ya fahimci ko kalma ɗaya. A bayanta ta ji ɗan, cikin ladabi, yana roƙon a kawo wa mahaifiyarsa keken guragu.