Gaba Sha Huɗu Daga Gindin Aduwa

Kafin kowa ya ga cocin 'yan Katolika da ke bayan garin Illela, ta hanyar Amarawa, Boyi mai ginar rijiya ya riga ya gani. Ya san wurin tun yana fili, babu komai sai aduwa guda da awakin Fulani suna miƙe wuya suna cin ganyenta. Shekarar da fari ya kashe shanu ke nan. Mutum tara suka zo suka kafa rumfar zana: Ibo masu shaguna huɗu, ma'aikatan kwastan biyu, sauran Dakarkari ne daga Zuru. Suna da littafi, suna da waƙa, amma ba su da ruwa. To wa za a kira in ba Boyi ba? Daga Garu har Ƙonni babu mai shiga ƙasa kamarsa.

A gabansa rumfa ta zama ɗakin laka, laka ta zama bulo da kwano. A gabansa aka fara makaranta da yara bakwai a gindin aduwar, aka rataya ƙarfen tayar mota a reshe ana bugawa. Yanzu yara sun haura ɗari shida, fiye da rabinsu 'ya'yan Musulmi, har da jikokin Boyi uku. Shi bai taɓa zama a aji ba, amma yakan ce duk wani likita ko lauya da makarantar ta fitar ruwansa ya sha, saboda haka rabin karatun nasa ne.

Bana coci ya cika shekara arba'in, sai Fada Iliya, limamin wurin, wani dogon mutum mai yawan murmushi, ya shirya gina bene mai aji takwas gabas da aduwa. Boyi ya ji labari a kasuwar Lahadi wajen masu albasa. Bai ko ƙarasa cinikin goronsa ba, ya ɗauki sanda ya nufi makarantar. Ya iske Hamidu magini ya kafa turaka ya ja zare, lebura na jiran a ce su fara.

Boyi ya ce a tsaya. Ya ce akwai matacciyar rijiya a ƙarƙashin zaren nan, zurfinta gaba goma, kuma ba a taɓa cike ta ba.

Hamidu ya nuna masa rijiyar da ke bayan ɗakin girki, wadda kowa ya sani, ya ce ai ga rijiyarsa can, Baba ya manta ne. Boyi ya ce waccan ta biyu ce. Ta farko ita ce ta rufta da shi daga ƙasa, yashi ya binne shi har wuya, ya yini a ciki yana jin 'yan coci a sama suna ta waƙar roƙo, shi kuma yana tasa addu'ar, har abokin aikinsa Halliru ya zaƙulo shi da igiya. Aka kai shi Amarawa wurin maɗori ya yi wata biyu. Halliru kuwa, Allah ya jiƙansa, ya yi yadda masu sana'ar ke yi da rijiyar da ta ci mutum: ya jera azarar giginya a bakinta, ya shimfiɗa kara, ya zuba ƙasa ya daddale. Gara ba ta cin giginya da wuri. Shi ya sa shekara arba'in yara na tsalle a kai ba abin da ya faru. Amma bene ba yaro ba ne.

Matsalar ita ce Illela ta sha jin wannan labari. A wata faɗar yini ɗaya ya yi a ciki, a wata kwana uku, akwai ranar da aka ji har da kumurci. Saboda haka lebura suka fara ƙyafta wa juna ido.

"Baba, wanga karon macijin na ciki ko ya hita?" in ji Hamidu.

"Tambayi tsohonka, shi yar ruga da gudu rannan ya bar takalmi," Boyi ya ce, bai ko dube shi ba.

Fada Iliya ya fito da farar rigarsa, ya gaida Boyi da ladabi, ya ce babu takardar coci da ta ambaci rijiya biyu. Amma tunda maganar ran yara ce, in Baba zai iya nuna wurin, a tona. In ba a sami komai ba, gini zai ci gaba yau.

Nan Boyi ya yi dariya. Ya ce maigidansa ya koya masa ba a gina rijiya ƙasa da gaba sha huɗu daga itace, saboda saiwa. Ranar da shi Boyi ya fara ginar rijiyar farko ya yi sallar asuba a gindin aduwa, ya miƙe ya auna sha huɗu daidai inda fuskarsa ke kallo. Alƙibla ba ta gusa ba, aduwa ba ta gusa ba. A kawo igiya.

Aka kawo. Ya kama bakinta, ya buɗe hannuwa yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji, ya ɗaura ƙulli a ta sha huɗu. Aka ɗaura igiyar a jikin aduwa aka ja gabas. Ƙullin ya faɗi bai kai zaren Hamidu ba, da saura sosai. Lebura biyu suka sa diga. Suka tona har gwiwa, suka tona har ƙugu. Ƙasa ja, tauri kamar dutse.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi wa Boyi ciwo. Fada ya ce a kawo wa Baba kujera da ruwan sanyi. Hamidu ya juya ya ce wa yaransa su kama aiki. Boyi ya tsaya yana kallon ramin, yana jin tsufa ya hau shi a karo na farko a rayuwarsa, yana tunanin jikarsa Shahida da za a kai ajinsu benen nan.

Sai ga muryar Maman Chika daga baranda. Ita kaɗai ta rage cikin mutum taran farko, tsohuwa mai shagon atamfa, Hausarta ta fi ta wasu haifaffun gari. Ita ma ta tuna an yi ruftawa, sai dai ba ta tuna wurin ba.

"Boyi, ranar da ka auna, kafin ƙasa ta danne ka ne ko bayan nan?"

"Kahin nan mana. Mi ya kawo wagga tambaya?"

"To buɗe hannun hagun nan in gani."

Boyi ya dubi hannunsa. Tun daga ɗorin Amarawa gwiwar hannun ba ta sake miƙewa ba, a lanƙwashe take kamar lauje. Shekara arba'in yana nuna wa mutane ita a matsayin shaida, bai taɓa lura ta cinye masa gaba ba. Nan take ya ce ai ya sani, yana gwada su ne ya ga ko akwai mai hankali a wurin, ashe mace ɗaya ce.

Saura a nemo mai hannun Boyi na ƙuruciya. Ya bi lebura ɗaya bayan ɗaya yana sa su buɗe hannu, yana tsaki. Hamidu ma bai tsira ba, Boyi ya ce masa gabarsa ta kaza ce. A ƙarshe ya tsaya gaban Fada Iliya ya ƙare masa kallo, ya ce wannan bai kai ba, amma za a yi maleji.

Haka Fada ya naɗe hannun riga ya auna igiya, Boyi na ƙirga masa. Sabon ƙulli ya wuce zare, ya faɗi daidai inda aka shata ginshiƙin tsakiya, wanda zai ɗauki matakala. Wannan karon Boyi bai bar wa lebura ba. Ya karɓi dagi da hannun dama, ya soka sau uku. A na huɗu ƙarfe ya daki itace, ƙasa ta amsa kamar ganga. Suka share ƙasar a hankali, sai ga azara baƙa a jere, biyu sun riga sun ruɓe. Hamidu ya saki dutse ta tsakaninsu, ya sa kunne. Ya daɗe a durƙushe kafin ya ji faɗuwarsa, da ya tashi kuma sai ya cire hula ya goge fuska.

An mayar da bene arewa da aduwa. Rijiyar kuma aka zuba mata murfin kankare da ƙofar ƙarfe, mabuɗi na hannun Fada. Ranar bikin cika shekara arba'in aka zaunar da Boyi a layin gaba kusa da Maman Chika, aka karanta sunansa cikin tarihin coci da Turanci da Hausa. Ya ce na Hausar ya yi gajarta, kuma an manta da kumurci.

Wanda duk yake ganin ƙari ne, Illela ba nisa. Ya je ya karɓi mabuɗi wurin Fada. Kwandon kwasar ƙasa na Boyi da takalminsa na ƙafar dama suna can ƙasa inda ya bar su, gaba goma cif. Ya sauka ya ɗauko. Boyi da kansa zai riƙe masa igiya, da hannun hagu.