Ranar da Auta Ta Buɗe Kyamarar Baba

Da aka zo rabon kayan mahaifinsu, yayyen Auta suka kwashi kujeru da firji, ita kuwa ta rungume wata tsohuwar jakar fata ta ce wannan ta ishe ta. Kyamarori uku ne a ciki, irin masu cin fim, da gilasansu a naɗe cikin tsofaffin safa. Da su marigayin ya ciyar da gidan kafin waya ta kashe masa kasuwa. Babban yayanta har tsokanarta ya yi, wai ta zaɓi gadon gizo-gizo.

Bai yi ƙarya ba. Da ta ɗaga gilashi ɗaya a hasken taga, sai ga fumfuna ta yi saƙa a ciki. Madannin babbar kyamarar ma ya ƙage, ko motsi ba ya yi.

Auta tela ce, don haka duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sha tambaya. A ƙarshe wata ta kwatanta mata shagon wani dattijo mai gyaran kyamara, a saman bene, kan wani kantin magani. Ko washegari ba ta jira ba, ta rufe keke ta tafi.

Shagon ɗan ƙarami ne, kyamarori jere a kanta har rufi, ga warin tsohuwar fata. Dattijon na ganin abin da ta fito da shi ya gyara zaman tabarau, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya shafa babbar, ya kara ta a kunne, ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana da baƙin gashi. Sannan ya ajiye ta a hankali, ya miƙo hannayensa biyu. Rawa suke yi kamar mai jin sanyi. Ya ce ya daina karɓar aiki tun bara, zaman shagon kawai yake yi don kada gida ya ishe shi.

Auta ta fara tattara kyamarorin. Tana cikin mayar da kayan jaka, hannun rigarsa ya ture wani ɗan noti da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kafin ya kai bakin tebur ta cafke shi da farce biyu. Dattijon ya dube ta ta saman tabarau, ya tambayi sana'arta. Ta faɗa masa.

"To zauna nan, 'yata," in ji shi, yana ja mata kujerarsa. "Idon nawa ne, hannun naki."

Ta zauna. Ya kunna fitilar tebur, ya ba ta sukudireba siririya kamar allura. Yana faɗa tana kwancewa, tana jera notukan a cikin murfin gwangwani. Suka fara da gilashin: ta zare shi falle-falle, ta goge da auduga da wani ruwa mai yaji a hanci, har hasken fitilar ya ratsa shi tas. Da suka koma kan madannin, ya nuna mata tsohon man da ya daskare a ciki. Ta tambaya ko man kekenta zai yi. Ya ce idan ta ƙara faɗin haka zai rako ta har ƙasan bene.

Ana cikin haka wani ɗan sifirin, 'yar waya murɗaɗɗiya, ya yi tsalle daga bakin hantsaki ya ɓace. Dattijon ya dafe kai, ya ce babu inda za a sami irinsa. Auta ta zuge jakarta ta ciro maganaɗisun da take tsintar allurai da shi, ta durƙusa tana bin ƙasa da rarrafe. A ƙarƙashin kanta ta ji ƙas. Ta ɗago da shi, gwiwoyinta duk ƙura, suna ta dariya.

Bayan ta ɗaure notin ƙarshe, ya ce ta ja mariƙin fim ta danna. Ta danna. Ƙyat! Ƙarar da ta taso tana ji a tsakar gidansu ce. Ta sake dannawa, ta kuma, hawaye na zuba tana dariya, har mai kantin magani ya leƙo ya ga ko lafiya.

Dattijon ya ciro fim ɗaya daga ɗan firjinsa ya koya mata sawa. Ta sauka benen da gudu. Ta ɗauki mai facin taya, ta ɗauki wata mata da laima, ta ɗaga kai ta ɗauki dattijon yana leƙe ta taga.

Da aka wanke hotunan, rabinsu sun fito dishi-dishi, amma na tagar ya fito rangaɗau. Ta kai masa, haɗe da kyamara ta biyu. Ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya turo mata wani kwali da ƙafa. Kyamarorin mutane ne da ya kasa gyarawa, masu su sun gaji da zarya.

Ta ce ranar Asabar ba ta cika samun ɗinki ba. Ya ce ta riƙa zuwa da wuri, kuma kada ta manta da maganaɗisun.