Lallen Inna Baraka

"Ku ɗaga ni," in ji Inna Baraka. "Ba a karɓar baƙo a kwance."

Ni da Mairama muka kalli juna. Wata bakwai ke nan ƙafafunta ba su ɗauke ta ba. Mu maƙwabta ne kawai, can ƙasa mai tsarki, saman dutsen Tandabawi, cikin ɗakunanmu na gwangwani, zamanin da ko famfo bai hau dutsen ba. Mijinta tun a hanyar Sudan ya rasu, ba ɗa ba jika. Mu ke juya ta, mu ke wanke ta.

Ranar ce wakilin rubaɗi zai zo ganinta. Rubaɗi gidan waƙafi ne na tsofaffin mata: ɗakin dutse mai sanyi, ruwa a randa, ga mai jinya. Sharaɗinsu biyu: wadda ba ta iya tashi, wadda kuma ba ta da mai kula da ita.

To ku ji wautarmu, 'ya'yan nan. Mu dai baƙo muka sani. Muka share ɗaki, muka aro darduma, muka kunna turaren wuta. Mairama har lalle ta ƙunsa mata a hannu.

Wakilin, Abdulƙadir sunansa, ya iso yana haki, da littafi a hammata. Ya tarar da ita tsaye, hannu ɗaya ƙam a kan ginshiƙi, ɗaya yana zuba masa shayi.

"Ya Hajja, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya kurɓa, ya dubi dardumar, ya yi rubutu.

Na ce, "Malam, wallahi tun watan Maulidi ba ta taka ƙasa ba!"

"Ni abin da idona ya gani nake rubutawa. Wa ya yi mata lallen?"

"Mu ne."

"Ɗayyib, to da kyau. Ga ta tsaye, ga masu kula da ita."

"Wato sai mun bar ta cikin fitsarinta za ka yarda?"

"Ba ni na kafa sharaɗi ba, ya ukhti, 'yar'uwata. Ku sake nema bayan hajji."

Bai kai gindin dutse ba ta zube. Shayin nan kuwa shanye shi ya yi tas, Allah ya isa! 

Mairama tana kuka ta ce, "In zai dawo, kwana uku ba ma taɓa ki da ruwa, Inna. Ya zo ya shaƙa ya rubuta."

"Ke, rufe min baki," in ji Inna. "Kuka bari namiji ya gan ni da ƙazanta, ban yafe ba."

Hajjin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Rufin gwangwani, da azahar ko taɓa shi ba ka yi. Muka yi ta jiƙa buhu muna rufa mata, da ruwan da muke hawowa da shi a ka. Ɗakin rubaɗin kuma, an ce, a kulle yake, ba a sami wadda ta cika sharaɗi ba.

Saura kwana tara Arfa ta cika, da la'asar, ina mata fifita.

Ni na yi mata wanka. Jiki duk ya ƙare, sai ƙashi. Da na buɗe tafin hannunta, lallen ya koɗe, amma a farce yana nan ja, rabi ja, rabi sabon farin da ya tsiro. Na riƙe hannun, Mairama tana tsaye da buta tana jira.