Askar Surukina

Ni Hafizullahi, duk kasuwar Sabon Birni an san ni da cajin waya, an kuma san ni da cika baki. Wani abokina a Maraɗi ya koya mini hidda tsatsa daga ƙarfe da batir, na dawo gida ina ji kamar ni na ƙirƙiro wutar lantarki.

Aikin ba wuya. Ka jiƙa kanwa cikin bokitin roba, ka saka ƙarfe biyu kada su taɓa juna. Abin da kake so shi wanku, ka maƙala mashi wayar da ta hito daga ƙahon batir mai alamar ragewa. Malamai na ce wa gehen nan katod. Nan ƙananan kumfa ke tashi da yawa suna ɓamɓare tsatsa, ƙarfen kuwa ba abin da ke samu nai. Ɗayan gehen ka sa tsohon rodi, don shi ruwan ke ci.

Wata Talata sai ga Baba, mahaifin matata Radiyya, ya taso tun daga Kurawa. Wanzami ne, uban wanzaman garinsu. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya kwance wani tsumma, sai ga aska siririya, tsatsa ta rufe ta.

"Ta mahaihina ce," in ji shi. "Idona ya yi rauni. Ranar Juma'a za ni miƙa ta ga ɗana Nasiruddeen gaban dangi, kamar yadda anka miƙa mini. An ce kana da dabara."

"Baba, wanga ai ƙaramin aiki ne," na ce, kaina a ƙasa amma ƙirjina ya kumbura.

Ya tahi gaida 'yan'uwa cikin gari. Batirina ya yi sanyi, sai na ari na Is'haƙa bakanike, maƙwabcina. Kowa ya san Is'haƙa, wayar da hannunshi ya kai gare ta ita yake ɗaurawa, ja ko baƙa duk ɗaya. Ni kuwa gwani, ban ko leƙa alamar da ke jikin batir ba. Na kama baƙar waya, wadda a ƙa'ida ita ce ta ragewa, na maƙala wa askar, jar kuma ga rodi, na ƙara dintsin gishiri wai don aiki shi yi sauri.

Mutane sunka taru. Wani dattijo ya ce, "Yaro, kumfar ga ai wajen rodi ta hi yawa."

Wallahi na gani. Zuciyata ma ta ce in duba. Amma in duba gaban mutum ashirin, bayan na gama yi musu lacca? Na ce mashi, "Dattijo, kowa da kiwon da ya karɓe shi, ka bar mu da namu." Anka yi dariya, na ji daɗi. Na ja ƙyauren shago, na hau mashin zuwa Isa wajen sunan ɗiyar abokina.

Bayan la'asar na dawo. Ruwan ya zama ja kamar kunun dawa. Na jawo rodi, ya hito tas, tsatsar ta sake shi. Na jawo askar. Innalillahi! Bakinta ya zagwanye, jikinta duk ramu, tsinin ma ya tahi cikin ruwa. Sai lokacin na duƙa na karanta alamar batir. Ashe baƙar wayar Is'haƙa kan ƙahon tarawa take.

Ina nan riƙe da ita na ji sallamar Baba. Na so ƙasa ta tsage. Na miƙa mashi da hannu biyu, bakina kuma ya riga ni.

"Baba, tsatsar ta riga ta cinye ta daga ciki. Da na wanke, abin da ya rage ke nan."

Ya kai ta kusa da idonshi, ya shafa ramun da babban yatsa. Ina jira shi zage ni, da ya yi ma da na samu sauƙi.

"Laihina ne," ya ce a hankali. "Damina uku tana cikin zabira a ɗakin da ke yoyo. Mutum ya ba ni amana, na bari ta ruɓe."

Na ga ƙwalla ta gangaro cikin gemunshi. Gaskiya ta zo mini har maƙogwaro, kunya ta danne ta. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda ya ba ni ɗiyarshi, sai ga shi ya rage murya yana roƙona.

"Hafizu, kai ɗana ne. Za ni ce musu ta ɓace. Don Allah kada Radiyya ta ji yadda na yi da askar kakanta. Ka ruhwa mini asiri."

Na ce, "Za ni ruhwa, Baba."

Ya ɗora hannu bisa kaina ya sa mini albarka.