Kwalbar Ƙarshe ta Zumar Marigayi

Maganar daga waya ta fito, ta bi matattakalar benen hawa-hawa har ta iso kicin ɗin Malama. Wai zumar magani, da zarar an buɗe murfinta, wata guda kawai take da rai. Bayan nan amfaninta ya gudu, abin da ya saura sai ɓata ciki.

Surukarta ce ta kawo labarin, riƙe da kwalbar a saman kwandon shara.

"Mama, wannan fa tun bara aka buɗe ta. Dubi yadda ta daskare kamar yashi. In zubar?"

"Ajiye min ita tukuna. Wa ya ce?"

"Kowa ma haka yake cewa."

"Kowan nan na daɗe ina so in gan shi. A hawa na nawa yake?"

Malama ta yi shekaru tana koyar da kimiyya kafin ta yi ritaya, kuma ba ta taɓa karɓar "an ce" a matsayin amsa daga bakin ɗalibi ba. Ga shi kwalbar nan ita ce ta ƙarshe daga amyoyin marigayi mijinta. In ta tafi, babu wata.

"Ai akwai shaida," in ji surukar. "Ta mai ɗinki da ke hawan ƙasa ta yi kumfa, ta yi tsami."

Wannan kam ya tsaya wa Malama a rai. Ta ɗauki sandarta ta sauka.

Mai ɗinki ta tarbe ta da murna, ta ɗora ruwan shayi. "Mama, da kanki? Da kin aiko ai na hau."

"Gwiwoyin ne suke son yawo. Nuna min mai kumfar nan."

Kwalbar tana gefen murhu, daidai inda tururin buta ke bugawa, murfin a karkace. Malama tana kallo mai ɗinki ta juya shayi, ta tsoma cokalin nan a jiƙe cikin wata sabuwar kwalba, ta sake juyawa. Malama ta shanye shayinta, ta yaba labulen da ke kan keke, ta hau sama.

Ta nemo ƙananan kwalabe uku, ta wanke, ta shanya su suka bushe ƙarau. Ta ɗibar wa kowacce kaɗan daga zumar marigayi, tana ji kamar a jikinta ake yanka. Ɗaya ta rufe gam ta sa a kabad. Ɗaya ta ajiye a taga inda rana ke duka. Ta ukun ta kai gefen murhu, kullum da safe ta tsoma mata jiƙaƙƙen cokali.

"Mama, an koma aji ke nan?" in ji surukar.

"Ke ce ma ɗalibar. In ta kabad ta lalace, ki zubar da babbar, ba zan ce uffan ba."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma kullum sai ta leƙa kabad ɗin, ta ɗaga kwalbar tana duba ta a haske.

Da watan ya wuce har da ɗoriya, ta jera su a tebur ta kira surukar. Ta murhu ta tsinke, kumfa a samanta, tsaminta na dukan hanci. Ta taga ta yi duhu, ƙamshinta ya ragu. Ta kabad tana nan yadda aka zuba ta. Malama ta tsoma gindinta a ruwa mai ɗumi-ɗumi, yashin ya narke, ta koma tana zuba kamar zare.

Surukar ta lasa, ta ƙara lasa. Ta ɗauki babbar kwalbar ta goge ta, ta mayar can cikin kabad.

"To amma amfanin fa, Mama, yaushe yake ƙarewa?"

"Ranar ƙarewarsa kam ba ni da abin auna ta a kicin," in ji Malama. "Abin da na sani shi ne, buɗe murfi ba ya kashe zuma. Ruwa ne ke sa ta tsami, zafi da rana kuma su rage mata ƙarfi a hankali. In an rufe ta a inuwa, ana ɗiba da busasshen cokali, tana yin shekaru."