Gaiwar Tafkin Turba

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, Mairama ta ga shanun mijinta Wakili suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya, ba su sake tashi. Da abin ya yi tsanani, ɗansu Maliki ya kora 'yan ragowar ya yi kudu neman ciyawa, ya bar iyayensa da matarsa Habi mai jego a bukkoki biyu bayan garin Turba. Tun daga ranar Wakili ya daina magana. Gindin aduwa yake wuni, sanda bisa cinya, in an gaishe shi ya ɗaga hannu kawai.

Abin da ya fi ci wa Mairama rai shi ne jaririn. Habi ba ta samun komai sai kunun dusa da ganyen tafasa, nono kuwa ya soma ƙafewa. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe.

A bakin rijiya Mairama ta saba da Larai, wata tsohuwa Bagobira, ɗiyar masunta, mai yawan ba'a. Wata safiya sai ga ta da fartanya a kafaɗa.

"Bahillata, ɗauko ƙwaryarki. Za ni su, ke za ki raka ni."

"Su kuma? Larai, yunwa ta taɓa miki kai? Tafkin da ko tsuntsu bai samun abin jiƙa baki?"

"Ke dai taho ki gani."

Tafkin ya bushe ƙayau, ƙasa ta tsattsage har ƙafa na iya faɗawa. Larai ta yi ta tafiya a duƙe tana dube-dube, har ta tsaya kan wani ɗan rami wanda yatsa ba zai shiga ba. Ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa ƙasa da ƙotar fartanya, ta kara kunne. Sannan ta jawo Mairama ta ce ta saurara. Can ƙasa, Mairama ta ji wani ɗan gurnani. Ta zabura ta ja da baya tana salati.

Larai ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta haƙa, ta ciro curin laka, ta fasa shi a hankali. Sai ga kifi dogo a naɗe, wutsiya ta rufe kai, jikinsa lulluɓe da wata fata mai kama da busasshen ganye. Ya motsa.

"Gaiwa ke nan," in ji Larai. "In ta ga ruwa na ƙarewa sai ta nutsa cikin laka, ta rufe kanta da yauƙinta, ta bar wagga 'yar ƙofa ta shan iska. Ba ci, ba sha. Jikinta take ci kaɗan kaɗan. Babanmu ya ce tana iya wuce shekara hakanan, tana jiran ruwa."

Suka koma da guda uku. Amma Mairama, tun da uwarta ta haife ta, kifi bai taɓa shiga bakinta ba, haka ma duk danginta. Habi na gani ta kau da kai.

"Inno, ni ba ni iyawa. Awa maciji fa yake."

Mairama ta ɗauki wuƙa ta farke cikin guda. Ita da ta sha gyaran kayan cikin akuya, nan take ta gane abin da ta gani: huhu ne, dogo, mai laushi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta dafa kifin da gishiri da ɗan barkono, ta zauna gaban surukarta, ta yi bismilla, ta runtse ido ta haɗiye loma. Ƙarnin ya taso mata har hanci, ta daure ta ƙara. Ganin haka Habi ta miƙo hannu.

Curi ɗaya Mairama ba ta fasa ba. Ta sa shi cikin ƙwarya kusa da aduwar, ta zuba masa ruwan da aka wanke kwano. Laka ta jiƙa, ta narke. Can sai kifin ya warware, ya kewaya ƙwaryar, ya ɗago kai sama ya shaƙi iska da baki. Wakili ya matso da tabarmarsa. Ya daɗe yana duba.

"Wata nawa ta yi cikin ƙasa?" ya tambaya.

Mairama ta ji daɗi ƙwarai, amma ta amsa kamar ba komai. "Tun da ruwa ya ɗauke, Maigida."

"Ikon Allah," ya ce. Ya sake cewa, "Ikon Allah."

Washegari shi ya riƙe fartanyar. Ba kullum suke dacewa ba, wata rana su wuni su dawo hannu wofi, kuma Larai ta hana a taɓa gefen gabas na tafkin, wai kada iri ya ƙare. Duk da haka romon ya riƙe Habi, nono ya dawo, yaron ya soma barci. Da haka suka lallaɓa har aka kawo hatsin agaji garin Isa da ke kusa da su.

Damina ta gaba ta yi kyau. Maliki ya dawo da 'yan shanun da suka tsira, ƙasusuwa a waje amma da ransu. Da suka murmure, Wakili ya ware karsana mai ciki, ya sa mata igiya, ya ja ta da kansa har ƙofar gidan Larai. Ya ce Larai ta riƙe, abin da karsanar ta haifa nata ne.

Larai ta tafa hannu. "Wakili, mi za ni yi da saniya? Ni ko tatsa ban iya ba!"

Da karsanar ta haihu, kowace safiya Mairama kan ratsa gonaki ta je koya mata. Larai ta tsuguna nesa nesa tana miƙa hannu, saniya ta kaɗa wutsiya, ita kuma ta saki ƙwarya ta ruga. Mairama ta riƙe maraƙin tana dariya, tana kiranta ta dawo ta sake gwadawa.