Allurar Idon Mai Agogo

Shekara talatin Malam mai gyaran agogo yana zaune a shagonsa na bakin titi, gilashi maƙale a idon dama, bai taɓa ɓatar da ko ƙaramin noti ba. Sai wata safiya ya ga ƙofar shagon ta karkace, tsakiyar duk abin da ya kalla kuma ya yi duhu. Sati biyu yana ɓoyewa, har ranar da matarsa ta ga yana zuba shayi a gefen kofi.

"Malam, tashi mu je asibiti," ta ce, tana goge teburin.

Likitar ido ta nuna musu hoton bayan idon. Ta ce akwai wani furotin, wato sinadari a jiki, da ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, shi ke taimaka wa rauni ya warke. "Amma a idonka, Baba, ya yi yawa. Jijiyoyin da ya tsirar ba su da ƙwari, yoyo suke yi. Za mu riƙa yi maka allurar da za ta tare shi, duk wata."

"A ina?"

"A cikin idon."

Malam ya miƙe tsaye yana neman hularsa. Matar ta ja bakin rigarsa.

"Haihuwa shida na yi, ban nemi ɗankwalina na gudu ba. Zauna."

Ya zauna. Aka ɗiga masa maganin kashe zafi, aka buɗe idon da wani ɗan ƙarfe. Ita tana bakin ƙofa tana addu'a ƙasa-ƙasa, tafin hannunta jiƙe da gumi. Da ya fito da auduga a ido, ya ce bai ji komai ba, ya kuma sha kofin ruwa uku a jere.

Bayan allura ta huɗu duhun ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba. Ƙananan agogunan hannu sun fi ƙarfinsa yanzu, sai ya koma gyaran na bango.

Ranar da likita ta ce yoyon ya tsaya, suka fito za su tsallaka titi. Ta kama hannunsa.

"Tsohuwa, ai ina ganin motocin."

"Na sani."

Haka suka tsallaka, suka wuce tashar mota a ƙafa, hannunsa a nata.